Ki Zaɓi Wanda Ake Kwancewa

Bungudu, ranar Juma'a da hantsi.

Zuwa ga ɗiyata Shafa'atu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Gusau lafiya, kin sami ɗaki da abokan zama na kirki, kin kuma sa wani abu a cikinki kafin ki fara kwance kaya. Allah ya tsare ki a hanya, ya tsare ki a makaranta, ya raba ki da duk abin ƙi.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a bakin akwatinki, alhali kullum muna tabarma ɗaya, kuma Gusau ba wata nisa gare ta ba. To, akwai maganar da in na ɗauko ta ido da ido sai harshena ya yi nauyi. In kuma a waya ce, na san ki, "to Inna, to Inna" za ki yi ta ce mini har ki kashe. Shi ya sa na ari biron Babanki, na kashe injin niƙa, na ce wa mata yau sai bayan an sauko masallaci. A ƙarƙashin takardar nan za ki ga wani ƙulli a tsohon ɗankwalina. Kada ki kwance shi sai kin kai ƙarshen karatu.

Tun ranar da kika ce malaminku na kimiyya ya turo saƙo cewa kowane sabon ɗalibi ya nemi kayan haɗa mutum-mutumi, robot ɗin nan da kike faɗa, ban zauna wuri ɗaya ba. Duk matar da ta kawo niƙa sai na rage ƙarar inji na ba ta labari, ko ta tambaya ko ba ta tambaya ba. Wata tsohuwa ta kalle ni ta ce, "To shi wanga abu, tankaɗe zai riƙa yi maki?" Na ce mata, "Ke dai bari ɗiyata ta koyo, har damun hura sai ya yi maki." Muka yi ta dariya har garinta ya kusa zubewa. Babanki kuwa yana ta yi kamar abin ko a jikinsa, amma da kunnena na ji shi a ƙofar gida yana gaya wa mutane cewa akwai wani ɗan ƙarfe da ake sokawa a ƙasa, in ta bushe ya faɗa. Har ya riga ya ware miki fangali ɗaya na albasa a fadama, wai nan za ki fara gwaji in kin zo hutu. Wallahi Shafa, daɗi nake ji kamar ni za a ɗauka makarantar.

Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Shekaranjiya da kika nuna mini hotuna uku a wayarki, kin tuna? Na farko kamar ɗan kare, fari fes, an riga an haɗa shi, sai dai a danna ya yi tafiya. Na biyu ƙaton akwati ne mai hannu irin na motar ɗaukar kaya, da tarkace kamar shagon mai gyara, kika ce sai an yi odarsa daga waje. Na uku kuwa ɗan kwali ne da ba shi da wani fasali: allo ɗan ƙarami, taya biyu, wayoyi kala-kala, da wasu idanu biyu da kika ce su ke hana shi karo da bango. Kika ce shi malamin ya fi ambata, kuma ana samunsa a Sabon Garin Gusau. Na tambaye ki wanne za ki saya ranar Litinin, tun da ɗaya kawai za a saya. Kika sunkuyar da kai kika ce, "Inna, ni dai na farkon nika so. Shi an riga an haɗa shi, ba ni iya lalata shi."

A lokacin na koma kan inji. Amma na san inda kika samo wannan magana. Zan zo kanta. Bari in fara da nawa kurakuran na saye, don ni ban san kwamfuta ba, ban san yadda ake rubuta wa ƙarfe umarni ya bi ba, amma na fi shekara ashirin ina zaune da ƙarfe, kuma ba wanda ya kai ni iya zaɓen tumun dare a kasuwa.

Muna Rawayya a lokacin, ko yayanki ban haifa ba. Na yi kiwon tunkiya har ta yi 'ya'ya, aka sayar, Babanki ya kai ni kasuwar Gusau in zaɓi keken ɗinki da kaina. Karona na farko ke nan da shiga babbar kasuwa, idona ya rasa inda zai tsaya. A shagon akwai keke iri biyu. Ɗaya baƙi ne na ƙafa, irin na kowane tela, notunansa duk a waje, sai warin mai. Ɗayan fari ne na lantarki, jikinsa sumul, har da 'yar fitila a saman allura. Babanki ya ce, "Hauwa, baƙin ga dai shi na san ana aiki da shi." Ni kuwa tun daga ƙofa zuciyata ta riga ta tafi. Ba ɗinki nake hange ba, ranar suna nake hange, mata sun cika ɗakina suna tambaya wa ya kawo mini.

Sai da muka isa gida na tuna cewa wuta a Rawayya baƙuwa ce, ta leƙo ta gaishe mu ta wuce. Sau uku na yi ɗinki da keken nan. A na ukun zare ya sarƙe a cikinsa. Na juya shi gaba, na juya shi baya, ban ga inda ake buɗewa ba. Aka kira telan garin, ya ɗaga shi, ya leƙa ƙasansa, ya ajiye ya ce, "Wanga ba a yi shi don a buɗe ba, sai dai ki mai da shi inda kinka saye." Kunya ta hana ni mayarwa. Na saƙa masa mayafi mai fure, na ajiye shi kusa da kabad ɗin jerena, inda kwanoni da tasoshin aurena suke a jere ba a cin abinci a cikinsu. Baƙi kuwa sun yaba, ba laifi. Ko ɗankwali ɗaya bai ƙara ɗinkawa ba.

To ɗiyata, ɗan karen nan naki ƙanen kekena ne. Duk abin da za ki saya na ƙarfe, ki fara yi masa tambaya biyu: me yake ci, kuma ta ina ake buɗe shi? In batir yake ci, wane iri? Ki nemi mai batirin da ake yi wa caji, wanda ko da sola ko da abin cajin waya zai tashi, don ban ji an ce wutar Gusau ta daina yawo ba. In kuma kin juya shi ba ki ga noti ko ɗaya ba, ki ajiye wa mai shi kayansa. Ba kallon tafiyarsa aka tura ki yi ba. An tura ki ne ki san abin da ke sa shi tafiyar, kuma wannan a cikinsa yake.

Kuskure na biyu ya fi ciwo, don shi da girmana na yi shi. Bayan mun dawo Bungudu na yanke shawarar kafa injin niƙa. Duk injinan garin nan iri ɗaya ne, daga bakin kasuwa har bayan gari. Ni kuwa na ce ba zan sayi irin na kowa ba, nawa sai ya fi girma, sai ya fi ƙara, wanda in ya tashi za a san na Hauwa ne. Kawunki Sani, ƙanena da ke gyaran injin ban ruwa a Tsafe, ya aiko mini da saƙo cewa in yi haƙuri in sayi irin na mutane. Na ce yaro ne, yaushe aka haife shi. Na sayi wani jibgege da mai shago ya ce a duk jihar nan ba a kawo irinsa da yawa ba. Wannan maganar da ya kamata ta kore ni, ita ta sa na rungume shi.

Wata biyar yana aiki kamar ba zai taɓa tsayawa ba. Sai da kaka ta yi, gero da dawa suka shigo, mata suka yi layi har waje, sannan wani ɗan ƙarfe da bai fi babban yatsana ba ya karye a cikinsa. Kawunki ya taso daga Tsafe, ya ciro shi, ya sa a aljihu, ya zaga shagunan Gusau kaf. Da la'asar ya dawo ƙafarsa futu-futu da ƙura, ya zauna ya sha ruwa ya ce, "Yaya, babu shi. Da irin na mutane kinka saya, da tun hantsi na tashe shi, ko a bola sai in samo maki wanga ƙarfe." Haka kakar nan ta wuce ina kallon matan unguwarmu suna wucewa ta ƙofata da kwarya a ka za su wani inji. Nawa kuwa kaji suka mai da ƙarƙashinsa wurin ƙwai. Daga baya aka sayar da shi, na sayi wannan ɗan ƙaramin da kika taso kika gani, irin na kowa, wanda har yau yake ciyar da mu.

Saboda haka ƙaton akwatin nan mai hannu, ki bar shi tukuna. Ban ce ba shi da kyau ba, wata rana ma ke za ki haɗa wanda ya fi shi. Amma in waya ɗaya ta ƙone a cikinsa, wa za ki aika waje ya samo miki? In ya ƙi tashi ana gobe za ku nuna aiki, wa za ki tambaya, tun da ba wanda ya taɓa ganin cikinsa? Ki sayi irin wanda malaminku ya sani, irin wanda ke hannun 'yan ajinku. In naki ya ƙi, ki ɗora shi kusa da na ƙawarki ku bi waya ɗaya-ɗaya har ku ga inda kika kauce. In tayarki ta ɓace, ki ara. Ni na ɗauka fita daban shi ne girma, ashe kaɗaici na saya wa kaina.

Kada ki ce Inna ta zauna tana yanke hukunci a kan abin da ba ta sani ba. Jiya da kika tafi sallama gidan gwaggonki, na sa Babanki ya tura wa Kawunki hotunan nan uku, na kira shi. Bakinsa har rawa yake don murna. Ya ce, "Yaya, ƙaramin! Ki ce mata ƙaramin. Kin ga farin allon ga mai huji-huji? Nan aka soka waya, in an yi kuskure a zare a sake, ba sai an liƙa da dalma ba. Dalma ta bari sai hannunta ya zauna, ni zan koya mata in ta zo Tsafe." Ya ce ƙananan injinan da ke juya tayar da wayoyin duk akwai irinsu wurin masu gyaran waya da rediyo a Sabon Gari. Ya ce kuma allon nan ɗan ƙarami ba na 'yar motar da za ki haɗa kaɗai ba ne, in kin gama da taya kina iya cire shi ki haɗa masa wani abu daban, har da ɗan ƙarfen albasar Babanki. Sai da na ce masa katina zai ƙare sannan ya bar ni.

Akwai kuma wani hali nawa da nake tsoron kin gada, wato kunyar tambaya. Ranar da na sayi jibgegen injin nan, mai shago ya yi ta zuba bayani, ni kuwa ina ta gyaɗa kai kamar na gane, don kada ya ce matar ƙauye ce. Ya miƙo mini littafin bayani a cikin leda, na karɓa da hannu biyu na sa a jaka. Sai da injin ya lalace muka buɗe, muka tarar da wani rubutu kamar sawun kaji a kan taɓo. Ba Hausa ba, ba Turanci ba, ba Larabci ba. Har malamin makarantar boko aka kai wa, ya juya shi sama da ƙasa ya dawo mana da shi.

Ke kam kada ki gyaɗa kai a kan abin da ba ki gane ba. Ranar Litinin ki tafi da safe, ki tafi da ƙawa, ku koma makaranta kafin la'asar. In kin shiga shagon ki gaishe shi da ladabi, sannan ki ce a buɗe kwalin a gabanki. Ki buɗe littafin ki karanta shafin farko a tsaye, ki ga ko da harshen da kike ji aka rubuta shi, ko akwai zanen da ke nuna inda kowace waya take shiga. In ya ce bayanin yana intanet, ki tambaya ko ana saukewa sau ɗaya a ajiye, don kin san halin sabis. Ki bi jerin kayan da aka rubuta ɗaya bayan ɗaya, kina taɓa kowanne da yatsa. Ki ce ya jona allon ki ga fitilarsa ta kama da idonki. Ki duba igiyar da ke haɗa shi da kwamfuta, ko bakinta zai shiga irin kwamfutar makarantarku. Ki tabbata akwai 'yar sukundireba a ciki, in babu ki saya a nan take. In ya ɓata rai ya ce kin cika tambaya, ki yi murmushi ki ce uwarki mai injin niƙa ce a Bungudu, ita ta aiko ki. Wanda kayansa ke da kyau ba ya jin haushin a buɗe.

In kin kai shi ɗaki kuma, don Allah ki yage ledar. Na san jinin gidanmu. Mu ne masu sayen tabarma sabuwa mu naɗe mu jingine, mu ci gaba da zama a kan yagaggiya. Kada ki tura kwalin nan ƙarƙashin gado ki ce sai ranar da kika iya. Ranar da kika sayo shi ki baje shi. Za ki jona waya a inda ba nan ba ne, za ki ji wani ɗan wari kamar roba ta taɓa garwashi, gabanki zai faɗi. Ki cire batir, ki sha ruwa, ki duba abin da kika yi. Ni ma satin farko da ƙaramin injina na ɗaure bel ɗinsa ya yi tsauri har ya tsinke ya kusa tafiya da ɗankwalina. Tun daga ranar, da kunne kaɗai nake sanin bel ya yi daidai, kuma ba wanda ya koya mini sai wannan tsinkewar.

To, yanzu na zo kan maganar da ta sa na ɗauki biro. Tun ɗazu nake zagaye-zagaye, kin dai gani.

Kina da shekara tara. Akwai agogon bango a ɗakina, mai ruwan zinariya a gefe, yana rataye a saman kabad. Cikin kayan aurena ya zo, mahaifiyata ce ta saya mini. Agogon nan ya fi shekara da tsayawa, yana nuna ƙarfe huɗu da minti goma safe da yamma, kuma ko sau ɗaya abin bai dame ni ba, don ni ba don lokaci na rataye shi ba, cikon jere ne. Wata ranar Laraba na shigo daga wurin inji da muciya a hannuna zan ɗora tuwo, na same ki zaune a tsakar ɗaki. Kin taka kujera kin sauko da agogon, kin kwance bayansa da tsinin wuƙa, kin jera notunansa a kan faifai, kin sunkuya kina kankarar wani abu a ciki, harshenki a waje. Kika ɗago kina murmushi kika ce, "Inna, taho ki gani."

Ban je na gani ba. Na kwaɗa miki muciyar nan a bayan hannu, sau biyu. Na ce, "Ke dai hannunki bai taɓa abu ba sai ya lalace!" Ba ki yi kuka da ƙarfi ba, kika rungume hannun kika fita. Na tattara notunan da kika jera, na zuba su a cikin wani kwanon jerena mai marfi, na ɗauki agogon na kifa shi a kai, na tura can bayan kabad don kada baƙi su gani.

Kafin wannan rana ba abin da ke tsira a hannunki. Tocila, makullin ƙofa, murfin tukunyar shayi, duk sai kin ga cikinsu. Bayan ranar kuwa kika daina. In abu ya lalace a gidan nan sai ki matsa gefe ki sa hannu a baya. Ni kuma har ina yaba kaina, ina cewa yarinya ta yi hankali. Karatu kika kama, kika yi ta cin jarrabawa, duk lissafin da aka ba ki a takarda sai kin warware shi. Amma ko batirin rediyo aka ce ki canza, sai ki ce a kira yayanki, kada ki lalata.

Bayan kamar shekara guda Kawunki ya zo duba mini inji, ya ce in ba shi wani abu mai marfi ya zuba notuna. Na miƙa hannu bayan kabad na jawo kwanon nan, na ma manta abin da ke ciki. Ya ɗaga agogon, ya juya shi, ya matsa bakin ƙofa wurin haske ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wa yay yi wanga aiki?" Na ce, "Shafa ce ta lalata shi." Ya ce, "Lalatawa? Yaya, gyara taka yi. Duba nan. Tsohon batir ne yaz zubo ruwa, tsatsa ta ci ƙarfen da ka taɓa shi. Ita ta gano wurin, ga shi ta kankare rabi har shina ƙyalli. Da kin bar ta kaɗan, da agogonki ya tashi." Ya ce in kawo ya ƙarasa, aikin minti biyu ne. Na karɓe na ce ya bar shi.

Na ce a raina da kin dawo makaranta zan gaya miki. Kika dawo, na kalle ki, bakina ya ƙi buɗewa. Mu ba a saba mana uwa ta ba ɗiya haƙuri ba, sai dai ta ƙara mata nama a miya ta ɗauka magana ta wuce. Na ƙara miki naman kuwa, ba sau ɗaya ba. Gobe, jibi, har shekara tara ta wuce. Sai shekaranjiya da na ji maganata ta fito daga bakinki, kina shirin zaɓen abin da ba za ki taɓa buɗewa ba, a kan karatun da kika fi so a duniya, sannan na san naman nan bai biya komai ba.

Shafa'atu, ban yi daidai ba. Hannunki bai lalata agogon nan ba, a mace yake tun kafin ki taɓa shi, kuma a duk gidan ke kaɗai kika damu ki san dalili. Ni na tsayar da ke aiki bai ƙare ba. Ki yafe mini, ɗiyata.

Yanzu ki kwance ƙullin. Kwanon ne, da agogon, da notunansa guda huɗu, ban taɓa komai ba. Ranar Litinin ki sayo ɗan kwalin nan na uku, mai taya biyu da wayoyi a warwatse. Kafin ki fara haɗa shi, ki ɗauki sukundirebar ki ƙarasa aikinki, ki sa masa sabon batir. In ya tashi, ki rataye shi a ɗakinki ya riƙa tashinki zuwa aji. In bai tashi ba, ki ƙara buɗe shi ki ga dalili, naki ne. Kwanon kuma ki riƙe shi na zuba notuna da ƙananan wayoyi, marfinsa yana kamawa sosai, ba abin da zai zube.

Babanki yana gaishe ki, ya ce fangalinki na nan yana jira. Kawunki ya ce in motarki ta fara tafiya ki ɗauke ta a waya ki tura masa, zai nuna wa duk Tsafe. Ni kam kada ki turo mini a waya, ki kawo ta gida. Zan share tsakar gida, in kashe inji, in kira tsohuwar nan mai tankaɗe ta zauna a gaba. Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki ci abinci, kada ki bi hanya in rana ta yi sanyi, in za ki zo ki faɗa tun da wuri mu san kina tafe. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya buɗe miki ƙwaƙwalwa, ya sa albarka a hannuwan nan naki guda biyu, ya dawo mana da ke lafiya.

Kwanon nan dai kin san su shida ne iri ɗaya, tun ranar da aka kawo ni suke tare. Da na tura shi baya na matsa sauran don kada a gane. Yau da safe na mai da kowanne mazauninsa, na bar wurin na shidan a buɗe, a sahun gaba, inda duk wadda ta shigo za ta gani. Na san matan garin nan, sai sun tambaya ina ɗayan. Zan ce musu yana Gusau, yana aiki.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarki,
Hauwa'u mai injin niƙa.